Kek Mai Ado a Bukukuwan Hausawa: Asalinsa da Matsalolin Koyar da Shi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani baƙon abinci da ya samu gindin zama a bukukuwan biranen ƙasar Hausa, watau kek mai ado da ɗan'uwansa biskit mai zane. Duk wanda ya halarci liyafar aure, ko walimar saukar karatu, ko bikin kammala makaranta a Kano ko Kaduna ko Zariya, zai tarar da shi bisa tebur, an yi masa launi daidai da ankon biki, an rubuta sunan mai hidima a kansa. Wannan sana'a tana ciyar da mata masu yawa daga cikin ɗakunansu, kuma da dama daga cikinsu ɗalibanmu ne na sashen kimiyyar tattalin gida. Saboda haka ya wajaba mu tambayi kanmu ko abin da muke koya musu ya dace da ƙasar da za su yi aikin a cikinta. Ra'ayin mai wannan takarda shi ne bai dace ba tukuna, kuma za a yi ƙoƙarin nuna dalili.

Kafin zuwan kek

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa Bahaushe bai san ƙawata kayan zaƙi domin biki ba sai da Turawa suka zo. Garar da iyayen amarya kan kai gidan ango ta ƙunshi alkaki da nakiya da dubulan, kuma kowannensu yana da fasaharsa. Alkaki daga alkama ake yinsa, a bar ƙullun ya yi tsami, a naɗe shi, a soya, sa'an nan a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Dubulan kuwa ƙimarsa tana ga naɗinsa. Mace takan yi suna a unguwa saboda kyan hannunta kawai. Nakiya ta shinkafa da kayan yaji da man shanu takan yi watanni ba ta lalace ba. Akwai kuma gireba, wadda sunanta ma ya nuna daga Larabawa ta zo, ita ce mafi kusa da abin da ake kira biskit.

Abin lura a nan shi ne dukan waɗannan an gina su ne bisa sanin yanayinmu. An soya su ko an gasa su har ruwan jikinsu ya ƙone, sa'an nan sukari ko zuma ya riƙe ragowar ruwan, ta yadda ƙwayoyin cuta ba sa samun abin rayuwa a ciki. Kek ba haka yake ba.

Yadda kek mai ado ya samo asali

Kek ɗin aure irin wanda muka gada ɗan Ingila ne. A 1769 wata mata mai suna Elizabeth Raffald ta buga littafin girki wanda a cikinsa ta bayyana yadda ake yin kek ɗin amarya, a lulluɓe shi da ƙullun almon, a bi da farin sukarin da aka buga da farin ƙwai. A wancan zamani tataccen sukari yana da tsada ƙwarai, don haka farin kek shaida ce ta wadatar gida. Da Sarauniya Biktoriya ta yi aure a 1840, kek ɗinta ya kai nauyin wajen laba 300, kuma ana danganta sunan "aisin na sarauta" da wannan biki. Hawa-hawan da muke gani ya biyo baya ne: a bikin 'yarta a 1858 an yi dogon kek, amma hawan sama na sukari ne zalla, ba na ci ba. A Faransa kuma Antonin Carême ya riga ya shahara tun farkon ƙarni na 19 wajen gina fadoji da hasumiyoyi da sukari, domin mutum ne da ya yi nazarin zanen gine-gine.

Abubuwa biyu suka sauko da kek daga fada zuwa gidajen talakawa: arahar sukari, da kuma hodar tashi, wadda muke kira bekin foda, da Alfred Bird ya haɗa a Birmingham a 1843. Daga baya aka mayar da adon ya zama darasi mai ƙa'ida. An buɗe makarantar Wilton a Shikago a 1929, Joseph Lambeth kuma ya buga littafinsa na zanen aisin a 1934. Zuwa Nijeriya kuwa, ta hannun kukun Turawan mulki da makarantun 'yan mata masu koyar da aikin gida ya shigo. Littattafan da aka koyar da shi da su an rubuta su ne domin ƙasa mai sanyi, kuma har yanzu yawancin abin da muke karantar da ɗalibai jikokin waɗannan littattafai ne.

Gindin aikin

Ado ba ya gyara kek mara kyau. Asalin haɗin da ake kira na laba-laba shi ne a auna fulawa da sukari da bota da ƙwai nauyi ɗaya, alal misali giram 250 kowanne. Idan aka buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin suna huda botar su cusa mata iska. Wannan iska ita ce zafin obin, wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, yake kumburawa, ƙwai da fulawa kuma su daskare su riƙe ta. Wanda ya fahimci wannan ya san dalilin da ya sa narkakkiyar bota ba ta ba da kek mai laushi a wannan haɗi, ya kuma san dalilin da ya sa ba a tsananta juyawa bayan an zuba fulawa, don kada danƙon alkama ya tashi kek ya yi tauri kamar burodi.

A nan ne matsala ta farko take. Ɗalibanmu da gwangwanin madara da kofi suke awo, alhali kofin fulawa guda yana iya bambanta da wani da giram 30 ko fiye, gwargwadon yadda aka danna shi. Mai yin kek ɗaya domin gidanta ba ta damu ba. Amma mai yin hawa uku domin kuɗi, wadda dole hawan ƙasa ya ɗauki nauyin na sama, ba ta da wannan sarari. Sikeli ya kamata ya zama kayan aiki na farko da za a sa a hannun ɗaliba, kafin ma a nuna mata bakin zane.

Fulawa ma abin dubawa ce. Kusan dukan alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, kuma da gwamnati ta hana shigo da ita daga 1987 zuwa 1992 masu gashi sun ji a jikinsu. Kek, saɓanin burodi, ba ya bukatar danƙo mai yawa, saboda haka ya fi jure gaurayen garin rogo ko na shinkafa ko na dawa. Wannan fili ne na bincike da kwalejojinmu za su iya shiga da ɗan abin da suke da shi.

Aisin da yanayinmu

Iri uku ne aka fi amfani da su, kuma kowanne yana da lokacin da yake cin amanar mai shi.

Na bota, watau bota da garin sukari, shi ya fi daɗi a baki. Sai dai bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Kano yakan wuce 40. Furen da aka zana da safe, kafin azahar ya zama tabo. Masu sana'a sukan maye wani kaso na botar da daskararren man gashi na tsirrai, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura haka, ko da yake ɗanɗano yana raguwa, man kuma yakan bar maiƙo a dasashi. Ciniki ne tsakanin daɗi da tsayuwa, kuma ya kamata ɗaliba ta san tana yin sa, ta kuma gaya wa mai biki.

Fondan, wanda ake murzawa kamar ƙullu a lulluɓe kek da shi, ya fi jure zafi, amma abokin gabarsa laima ce. Sukari yana jan ruwa daga iska. Da damina sai fondan ya yi gumi, launuka su zubo cikin juna. Haka kuma idan aka fito da shi daga firij zuwa ɗaki mai ɗumi, raɓa takan kwanta a kansa nan take. Da hunturu kuma akasin haka ne: iskar ta bushe ƙwarai, sai ya tsattsage tun ana murza shi, dole a ƙara masa gilisarin ko ɗan mai, a kuma rufe duk abin da ba a aiki da shi. Watau haɗi guda ba zai yi wa mai sana'a shekara ba. Tana bukatar na bazara da na damina da na hunturu, kuma babu littafin Ingila da zai ba ta wannan.

Na ukun shi ne na sarauta, farin ƙwai guda da garin sukari wajen giram 200 zuwa 250. Yana bushewa ya yi tauri, don haka shi ake zana biskit da shi: a fara ja wa biskit iyaka da mai kauri, sa'an nan a cika tsakiya da mai ruwa-ruwa, a bar shi ya kwana. Yanayinmu na rani ya dace da shi sarai. A ganina ma biskit mai zane ya fi kek dacewa da al'adarmu ta biki, domin Bahaushiya ba ta cika zama ta ci a wurin taro ba, ƙullawa take yi ta kai gida. Biskit yana shiga leda, yana yin makonni, ba ya bukatar wutar lantarki, kuma ana iya jera shi cikin gara kusa da dubulan ba tare da ya zama bare ba.

Lafiya da halacci

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi haɗari. Aisin na sarauta da ɗanyen farin ƙwai ake yinsa, ɗanyen ƙwai kuwa yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga yara da masu ciki da tsofaffi. Garin farin ƙwai da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta da zafi ya fi aminci. Kek mai kirim ko kastad a ciki kuma bai kamata ya wuce sa'o'i biyu a waje ba, idan ana tsananin zafi ma sa'a ɗaya. Kowa ya san bikinmu ba ya fara kan lokaci.

Sai launi. A 2007 wani bincike na Jami'ar Southampton ya danganta wasu launukan abinci guda shida, ciki har da masu lamba E102 da E110, da ƙaruwar rashin natsuwa ga yara, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su. A 2022 ta hana sa farin launi mai lamba E171 a abinci. A Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin jan launi mai lamba E127. Hodar ƙyalli ta fi waɗannan muni: a 2018 yara shida sun kwanta ciwo a jihar Rhode Island ta Amurka bayan cin kek ɗin da aka shafa wa hodar da ke cike da tagulla, a 2019 kuma aka samu dalma a cikin wata a jihar Missouri. Dalili shi ne wasu hodojin domin ado kawai aka yi su, ba domin ci ba. A kasuwanninmu ana ƙulla launi a leda ba suna ba lamba. Ƙa'idar da za a ba ɗaliba mai sauƙi ce: abin da ba shi da jerin sinadaransa da lambar NAFDAC kada ya taɓa abinci.

Muna da launukanmu: zoɓo, da kurkum, da garin zogale, da koko. Amma kada a yaudari ɗalibai cewa canji ne kai tsaye. Jan zoɓo yana tsayawa ne cikin tsami, idan ya gamu da kanwa ko soda sai ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Kurkum kuma ya juya ja. Ba sa kuma yin kaifin launin kanti, kuma kowanne yana tafe da ɗanɗanonsa.

Game da halacci, akwai abubuwa uku da mai yi wa Musulmi aiki za ta sani. Jalatin ɗin da ake haɗa fondan da shi da yawa daga cikinsa a duniya daga fatar alade ake samo shi, sai a nemi na shanun da aka yanka ko na kifi. Ruwan banila na asali a cikin barasa ake jiƙa shi, dokar Amurka ma ta ce kada barasar ta gaza kashi 35 cikin ɗari, amma akwai na gari. Kek mai 'ya'yan itace na Ingila kuwa da giya ake shayar da shi don ya daɗe. Hukunci na malamai ne, amma sanin abin da ke cikin kwano na mai girki ne, kuma mai biki yana da hakkin a faɗa masa.

Zane

Mafi yawan abin da ake ɗorawa bisa kek a yau kwafi ne daga hotunan intanet: 'yar tsana, motar katun, furannin da ba sa tsirowa a ƙasarmu. Wasu iyaye ma ba sa son siffar mai rai a kan abincinsu. Alhali kuwa zanen Hausa kusan dukansa na layi ne da ƙulli, wanda shi ne ainihin abin da bakin zane ya fi iyawa. Dagin da ke jikin soraye, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya, da adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, duk ana iya fitar da su da aisin. Hannun da ya iya zanen lalle da leda mai tsini ya riga ya iya rabin aikin, domin riƙon ɗaya ne, matsin ɗaya ne. Misirawa ba su bar kahk ɗinsu na Sallah ba, wanda suke yi wa zane tun ɗaruruwan shekaru. Ba mu da dalilin jin kunyar namu.

Ya kamata dai a haɗa darasin zane da na lissafin farashi, domin zane shi ne mai cin lokaci. Ɗaliba takan ƙirga fulawa da ƙwai da sukari, ta manta da gas da kwali da katakon ɗorawa da kuɗin mota, ta kuma manta da sa'o'i shida ko bakwai da ta yi a sunkuye tana zana biskit hamsin. Idan aka sa kowace ɗaliba ta rubuta lokacin da ta fara da lokacin da ta gama kowane aiki a ɗakin gwaji, ta kuma yi wa sa'arta kuɗi kafin a ba ta maki, za ta fita kwaleji da sanin abin da za ta ce wa uwar amarya idan aka zo ciniki.