Abin da ke Sa Zaren Injin Yankan Ciyawa ya Sarƙe

Injin yankan ciyawan nan mai doguwar ƙota, wanda a ke ratayawa a kafaɗa, ba wuƙa ya ke aiki da ita ba. Zaren nailan ne ke leƙowa daga kansa, in inji ya juya shi da ƙarfi sai ya riƙa tsinke ciyawa kamar bulala. Wani Ba'amurke ne mai suna George Ballas ya ƙago shi a birnin Houston cikin 1971, bayan ya ga yadda burushin wurin wankin mota ke juyawa. Masu lambu suna jin daɗinsa wajen share bakin shinge da gefen kwata, inda lauje ke cin lokaci.

Kukan da a ka fi yi da shi ɗaya ne. Ana tsakiyar aiki sai zare ya ƙi fitowa, ko ya tsinke ya shige ciki. Sai mai shi ya kwashi inji zuwa wurin makaniki, ya yi asarar yini da kuɗi, alhali kuwa galibi inji lafiyarsa lau. Laifin yana wajen naɗin zare.

A cikin kan injin akwai kwarkwaro irin na keken ɗinki, sai dai ya fi shi girma, da ɗan sifirin a bayansa. In aka dunguri ƙasa da kan, kwarkwaro ya kan saki kaɗan, ƙarfin juyawa ya jawo zare waje. To, in wajen naɗi wani zagaye ya hau kan wani, sai na sama ya nutse tsakanin na ƙasa ya maƙale, ko sau goma aka dunguri ƙasa ba zai motsa ba. Saboda haka a naɗa shi a tsanake, da ɗan tauri, zagaye kusa da zagaye, kamar yadda masaƙi ke yi. A bi wajen da kibiyar da ke jikin kwarkwaro ta nuna. In kwarkwaron mai ɗaki biyu ne, a ninka zare a tsakiya, a maƙala shi a tsagar da a ka yi dominsa, ko wane rabi ya zauna ɗakinsa. Kada a cika shi maƙil don ƙyashin sake naɗi. Kaurin zare kuma a bi wanda takardar inji ta faɗa. Ƙananan injuna masu batir su kan ɗauki milimita 1.6, masu fetur kuwa da yawansu 2.4. Mai kauri fiye da ƙima ba ya zamewa a huda, yana kuma wahal da inji.

Akwai wani sirrin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Nailan yana shan ruwa, kuma danshin nan ne ke ba shi laushi. Zaren da ya daɗe rataye a rumfar kasuwa, ko ya sha hunturu a ɗakin ajiya, ya kan bushe ya riƙa karyewa kamar tsinke. Maganinsa ba ya cin ko kwabo: a jiƙa shi cikin bokitin ruwa kwana guda kafin a naɗa. Ragowar kuma a ajiye a inuwa.

Sa'an nan sai zafi. Bakin zare ne kaɗai ke yanka. Mai gaggawa ya kan cusa kan inji duka cikin duhuwar ciyawa, ko ya riƙa gurzar bango da dutse da wayar shinge. Fizgar nan tana zafafa zaren da ke ciki har ya narke ya manne da juna. Sauri ya haifi nawa ke nan, gama sai an buɗe kai an yanke wurin da ya manne. Doguwar ciyawa daga sama a ke fara ta, a sauko kaɗan kaɗan, in ba haka ba sai ta nannaɗe wuyan inji.

Dungurin ƙasa ma da ƙa'idarsa. A yi shi inji na gudu sosai, sau ɗaya, a kan ƙasa mai laushi, ba a kan siminti ba. A yi tun zare bai gajarce ba, don guntu ba shi da nauyin da zai jawo ɗan'uwansa. In ya fito fiye da ƙima, 'yar wuƙar da ke jikin garkuwa za ta datse shi. Masu cire garkuwar nan wai don inji ya yi faɗin yanka, suna cutar inji, ga kuma tsakuwa a fuska.

In an tashi aiki a kashe inji, a zare hular fulogi ko a cire batir, sa'an nan a buɗe kai a kakkaɓe ƙasa da ciyawa. A lura da sifirin, yana da saurin tsalle ya ɓace. A duba bakin ƙarfen hudar da zare ke fita. In ya ci har ya yi kaifi, shi ne ke yanke zare daidai ƙofa, sai a sake shi.