Kafin mu kai ɗiya jami'ar kuɗi

Bara ɗiyar wata ƴar ƙungiyarmu ta ci bak. Muka yi guɗa, muka ba uwar rance daga asusu, ta biya kuɗin rajista a wata jami'a mai zaman kanta a Yamai. Bayan wata huɗu sai ga waya: a kawo kashi na biyu, in ba haka ba yarinya ba ta zama jarrabawa. Tumakinta biyu ta saida.

Laifinmu ne mu duka, kuɗin shiga kaɗai muka lissafa. Lisans shekara 3 ce, kowace shekara da nata biya. Ga hayar ɗaki, abinci, kabu-kabu da fotokofi. Rancen asusu kuwa na ƴan watanni ne, ga riba bisa.

Yanzu kafin mu buɗe akwati, sai uwa ta kawo amsa uku a rubuce. Nawa ne kuɗin shekara duka, kuma kashi nawa? Gwamnati ta yarda da takardar makarantar? Wurin wa yarinya za ta sauka? Kuma a fara gwada jami'o'in gwamnati na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, sun fi sauƙi.

Yarinyar tana shekara ta 2, alhamdu lillahi. Zubi daban muka buɗe dominta.