Kontakta: ƙaramin ƙarfen da ke tsare injinan birnin Zazzau

Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, da wuya ka ratsa unguwa a cikin birnin Zazzau ba ka ji kukan injin niƙa ko na markaɗe ba. Waɗanda ke aiki da wuta mai layi uku, da sumo na manyan rijiyoyin burtsatse, yawanci suna da akwatin ƙarfe a jikin bango. A cikinsa akwai wani abu da bai fi dunƙulen hannu ba, masu gyaran wuta na ce masa kontakta. Sau da yawa moton da aka kai wa masu naɗin koyil a ƙone, daga nan matsalarsa ta faro.

In aka danna koren maɓalli, wuta kan shiga koyil ɗin kontakta ya zama maganaɗisu, ya fizgo ƙarafa uku su haɗa layukan da moto. Da zarar an ɗauke wuta sai sifirin ya ture su baya. Ko an dawo da ita, injin ba zai tashi ba sai an sake danna maɓallin.

Wurin saye ake fara kuskure. Moto mai ƙarfin doki goma, wato kilowat 7.5, yana jan kusan amfiya 15 a bolt 400 in ya kama gudu, amma lokacin tashi yakan ja ninki shida zuwa takwas na wannan. Shi ya sa ƙa'idar IEC 60947-4-1 ta raba aikin aji-aji: AC-1 na kaya irin su hita ne, AC-3 kuwa na moto. Kontakta ɗaya na ɗauke da lambobin biyu. LC1D18 na kamfanin Schneider, alal misali, amfiya 32 ne a AC-1, amma 18 kacal a AC-3. Wanda ya dubi babbar lambar ya ɗora masa moton doki ashirin, ya sayi asara da kuɗinsa. A kuma duba koyil ɗin, na bolt 230 ne ko na 400.

Sai batun raunin wuta, wanda duk mai injin da ke kan layin Kaduna Electric ya san shi. An ƙera koyil ya kama sosai in wuta ta kai kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinta. In ta faɗi ƙasa da haka sai kontakta ya riƙa kakkarwa yana tartsatsi, har bakin ƙarafan ya narke ya manne. A nan ne wasu ke cusa tsinke ko guntun katako su danne shi don kada aiki ya tsaya, ga mata da yara sun jera kwanuka suna jira. Na fahimci matsin, amma wannan ɗabi'a tana tayar mini da hankali. Moto zai ci gaba da jan wuta mai yawa har ya ƙone. Mafi muni, in aka dawo da wuta injin zai tashi da kansa, wataƙila hannun yaron shago na kan bel.

Maganin bai kai kuɗin naɗin moto ba. A haɗa obalod, wato abin da ke katse wuta in moto ya ja fiye da kima, a ƙarƙashin kontakta, a saita shi daidai da amfiyar da ke rubuce a jikin moton, kada a murɗa shi zuwa ƙarshe don ya daina katsewa. A ƙara na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke, domin moto mai layi uku da ke gudu a kan biyu ba ya daɗewa. Manyan motoci kuwa a yi musu haɗin sta-delta da kontakta uku, wanda ke rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Ƙurar gari da ta hunturu ma na shiga tsakanin maganaɗisun ta hana shi zama daidai. A bar murfin akwatin a rufe, a riƙa kashe babban makunni ana hure ƙurar, ana ƙara ɗaure sukurorin da girgizar injin ke sassautawa.