Shirin Yau: "Wagga Mota Ta!"



Kwanaki wani abokina Basakkwace ya kawo min ziyara Kano. Muna tsaye bakin titi sai ga wata dalleliyar mota ta gifta. Ya riƙe baki ya ce, "Kai! Wagga mota ta!" Na dube shi na ce, "Taka? Kai da na biya maka kuɗin adaidaita ɗazu?" Ashe bawan Allah yabawa kawai yake yi, ni kuma kunnena "motata" ya jiyo.

Ga inda gizo ke saƙar. Inda Bakano zai ce "mota ce", Basakkwace "mota ta" zai ce, Bazazzagi kuwa ya ce "mota ne", ba ruwansa da mace ko namiji. Haka "f" ɗinmu ke komawa "h" ko "hw" a Sakkwato: "tafi" ta koma "tahi", "fari" ya koma "hwari".

Mun sha dariya, amma akwai abin da ke damuna. Wasu yaran in sun zo karatu Kano, tsokana ke sa su binne karin garinsu. Alhali Daidaitacciyar Hausa, da aka gina kan Kananci, don rubutu ce, ba ta mai da sauran kuskure ba. Hasali ma, "biyat" da "ɗiya" na Sakkwatawa sun girmi "biyar" da "'ya" ɗinmu.

To, a yi barkwanci, amma kar a sa wani ya ji kunyar karin da ya tsotsa a nono.

Sai shiri na gaba. Ku huta lahiya!