Abin da Ke Hana Manhaja Shiga Kantin Intanet

A unguwar Television da ke kudancin Kogin Kaduna, da maƙwabtanta irin su Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, ba sabon abu ba ne a ga matashi ya duƙufa a gaban kwamfuta yana rubuta manhaja. Tun da aka buɗe cibiyar CoLab a Barnawa a shekarar 2016, samari da 'yan mata na wannan yanki suka daɗa samun inda za su koyi wannan sana'a. Sai dai rubuta manhaja daban, kai ta hannun jama'a kuma daban. Sau da yawa mutum yakan shafe makonni yana aiki, manhajarsa tana tafiya lafiya lau a kwamfutarsa, amma ranar da ya zo ɗora ta a kantin intanet sai kantin ya ƙi karɓa, ya mayar masa da gajeren saƙo da Turanci wanda bai fayyace masa komai ba.

Irin manhajar da ake nufi a nan ita ce ƙaramar nan da ake maƙala wa burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, domin ta ƙara mata wani aiki. A ɗauka wata ɗaliba ce a Television ta rubuta wadda za ta sauƙaƙa buga haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a kowane shafi. Hanyar da za ta bi jama'a su samu ita ce ta kantin Chrome Web Store, wanda kamfanin Google ya buɗe a watan Disamba na 2010. Kantin yana da ƙofofi uku da kaya za su ratsa, kuma kowace ƙofa da irin matsalarta. Wanda bai tantance a wace ƙofa aka tsayar da shi ba, zai yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Ƙofar farko: rajista da hanya

Kafin a ɗora komai sai an yi rajistar mai manhaja, a biya dala 5 sau ɗaya tak. Kuɗin ba su da yawa, amma a shekarar 2022 bankunan Nijeriya da dama sun rage ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗe wannan kafa. Saboda haka idan biyan ya ƙi, bankin ya kamata a fara tambaya, ba manhajar ba. Har ila yau, kantin ba ya barin a wallafa komai sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun.

Ɗaukewar wuta ko raunin sabis kan katse aikin ɗorawa, kuma maganin wannan sananne ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙunshin da ake aikawa, mai suna zip, wanda Phil Katz ya ƙirƙiro a Amurka a 1989, yana ajiye jerin sunayen abin da ke cikinsa ne a can ƙarshensa. Idan wuta ta ɗauke ana cikin ƙunshe shi, ko aka zare filashi ana cikin kwafarsa, wutsiyar ce ke guntulewa, sai ya zama kamar littafin da aka yage masa shafin ƙumshiya. Yana da kyau mutum ya kwance ƙunshin da kansa ya duba kafin ya aika.

Ƙofa ta biyu: takardar shaidar manhaja

A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Kowace irin wannan manhaja tana da wani ƙaramin fayil mai suna manifest.json, wanda shi ne takardar shaidarta. A cikinsa ake rubuta sunanta, da lambar fitowarta, da taƙaitaccen bayaninta, da hotunan tambarinta, da izinin da take nema daga burauza. Na'ura ce ke fara karanta shi, ba mutum ba, ita kuwa na'ura ba ta san uzuri ba.

Ɗaliban ilimin halittu za su fi kowa gane wannan al'amari, domin sun san labarin cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Sarƙar beta ta sinadarin himogulobin tana da ƙwayoyin amino asid 146. A jikin mai sikila harafi ɗaya ne kacal ya sauya a cikin ƙwayar gado, GAG ya koma GTG, sai balin ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6. Sauran 145 ɗin duk lafiyarsu ƙalau, amma wannan guda ɗaya ya isa ya sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. To, haka fayil ɗin nan yake. An rubuta shi ne bisa tsarin JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, kuma tsarin yana da tsauri ainun. Waƙafi guda da ya ɓace tsakanin layi biyu, ko wanda aka ƙara bayan abu na ƙarshe a jeri, ko baka da aka buɗe ba a rufe ba, kowannensu ya isa ya sa a kasa karanta fayil ɗin baki ɗaya.

Akwai wani kuskure da ido ba ya saurin kamawa. Wanda ya rubuta fayil ɗin a manhajar buga wasiƙu irin Microsoft Word, za ta sauya masa alamomin zance miƙaƙƙu zuwa masu lanƙwasa don ƙawa. A idon mutum duk ɗaya ne, amma a wurin na'ura alamomi ne daban masu lamba daban. Haka kuma kwamfuta mai Windows takan ɓoye ƙarshen sunan fayil, ta yadda abin da ake gani manifest.json ne, alhali ainihin sunansa manifest.json.txt. Ita kuwa ɗalibar da ta sa ƙ ko ɗ a sunan manhajarta, wajibi ne ta adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffan za su rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙen zane marasa ma'ana.

Wurin da aka ajiye fayil ɗin ma abin lura ne. Ƙa'idar kantin ita ce ya kasance a fili da zarar an kwance ƙunshin, ba a cikin wata jaka ta ciki ba. Mutane da yawa sukan ƙunshe jakar aikin gaba ɗayanta, sai takardar shaidar ta shige ɗaki na biyu, na'ura ta leƙa zaure ba ta gan ta ba. Abin da ya dace shi ne a shiga cikin jakar, a zaɓi fayilolin da ke ciki, sannan a ƙunshe su.

Sai lambar fitowa. Ana rubuta ta da lambobi ɗaya zuwa huɗu da aka raba da ɗigo, kamar 1.0 ko 2.3.1, kuma kowace lamba ba ta wuce 65535. Duk lokacin da aka gyara manhajar da ke kanti aka zo sake ɗorawa, dole sabuwar lambar ta ɗara tsohuwar. Wani abin da kan rikita ɗaliban lissafi shi ne, ɗigon nan ba na ɓangaren goma ba ne: 1.10 ta fi 1.9 girma, domin 10 ake gwadawa da 9. Bayanin da ke cikin fayil ɗin kuma ba ya wuce haruffa 132. Tambari na buƙatar faɗi da tsawo na fiksal 128, hoton allo kuwa 1280 da 800, ko 640 da 400.

Wani tarkon shi ne tsohon darasi. Kantin ya daina karɓar sababbin manhajoji masu tsarin Manifest V2 tun watan Janairu na 2022, sai masu V3, amma har yanzu intanet cike take da bidiyon koyarwa na tsohon tsari. Wanda ya bi irinsu zai gina abin da ba shi da masauki. Duba shekarar da aka yi darasi kafin a bi shi ya fi sauƙi a kan sake gini daga tushe.

Ƙofa ta uku: masu bita

Idan ƙunshin ya wuce na'ura, sai a yi masa bita, wadda kan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci makonni. A nan ba rubutu ake dubawa ba, hali ake dubawa. Manhajar burauza tana iya ganin abin da mutum ke karantawa da abin da yake bugawa, har da lambobin sirrinsa na banki, don haka tsaurin yana da dalili, ko da yake mai jira ba ya jin daɗinsa.

Wasiƙar ƙin karɓa takan zo da wani laƙabi na launi haɗe da sunan sinadari, abin da zai ba ɗaliban kimiyyar sinadarai sha'awa. Purple Potassium na nufin an nemi izinin da manhajar ba ta buƙata. Blue Argon na nufin manhajar tana ɗauko umarni daga wani wuri a intanet, maimakon komai ya kasance cikin ƙunshin, abin da tsarin V3 ya haramta. Red Titanium kuwa na nufin an dagula rubutun da gangan don kada a iya karanta shi, dokar da aka kafa tun 2018. Na farkon ya fi kama masu koyo, domin sukan kwafo jerin izini daga aikin wani su bar shi yadda yake. Manhajar buga ƙ da ɗ ba ta da hurumin neman ganin tarihin shafukan da mutum ya ziyarta.

A yi hattara da irin waɗannan wasiƙu. A watan Disamba na 2024 'yan damfara sun aika wa masu manhajoji wasiƙun bogi da ke cewa sun karya dokar kantin. Waɗanda suka latsa mahaɗin da ke ciki suka ba da izini, sai aka yi amfani da asusunsu aka ɗora gurɓatattun manhajoji fiye da 30, waɗanda miliyoyin mutane ke amfani da su. Hanyar tsira ita ce a buɗe shafin masu manhaja na kantin kai tsaye a duba matsayin aikin a can.

Yadda ake bin sawun matsala

Dabarar ba ta bambanta da ta ɗakin gwaje-gwaje ba. Malamin da ya sa ɗalibai shuka wake a kofuna biyu don gano tasirin haske, yakan hana su sauya ruwa ko ƙasa, domin idan abu biyu suka sauya tare ba za a san wanda ya haifar da sakamakon ba. Mai manhajar da ya fusata ya gyara wuri biyar a lokaci guda, ko da ta shiga bai san abin da ya warkar da ita ba, in kuma ta ƙi, mai yiwuwa ya ƙara mata sabuwar cuta.

Abu na farko shi ne a kwafe saƙon kuskuren kalma bayan kalma a littafi, tare da lambar layin in an bayar. Daga nan a buɗe shafin chrome://extensions, a kunna yanayin masu ƙira, a loda jakar kai tsaye daga kwamfuta. Wannan gwaji ba ya cin ko sisin data, kuma burauza za ta nuna yawancin kurakuran takardar shaida nan take. Idan ta yi aiki a nan amma kanti ya ƙi ta, to zargi ya koma kan yadda aka ƙunshe ta, ko lambar fitowa, ko wata ƙa'idar kanti.

In abin ya ci tura, sai a yi gwajin ma'auni. A kwafi jakar, a rage takardar shaidar ta koma layuka uku da ba makawa sai da su, wato suna da lambar fitowa da lambar tsari, a tabbatar ta lodu. Sannan a riƙa mayar da sauran layukan ɗaya bayan ɗaya, ana sake lodawa bayan kowanne, ana rubuta abin da aka ƙara da abin da ya faru. Layin da aka mayar kuskuren ya dawo, a nan matsalar take. Malamin kwamfuta a makarantar sakandare na iya yin wannan gwaji da ɗalibansa a darasi guda, da kwamfuta ɗaya, ko babu intanet.