Eriyar Haske da Amfaninta ga Na'urorin Gane Haske

Kalmar eriya ta shigo Hausa tare da akwatin rediyo, shi ya sa in an ambace ta sandar ƙarfe ke faɗo wa mutum a rai. Aikin sandar nan shi ne ta kamo igiyar rediyo mai tsawo, ta tattara ƙarfinta a ɗan wuri. To, haske ma igiya ne irin wannan, sai dai gajere ƙwarai. Wanda ido ke gani tsawon zangonsa tsakanin nanomita 400 ne da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Matsalar masu ƙira ita ce, na'urar gane haske in ta ƙanƙanta takan ƙara sauri, amma hasken da ke faɗa mata sai ya ragu. Gilashin tattara haske kuwa yana da iyaka. Tun 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna ba a matse haske da gilashi ya gaza kimanin rabin zangonsa.

A nan zinariya da azurfa suka yi rana. A cikinsu akwai ilektoron da ke yawo sake. Idan haske ya bugi ɗan ƙanƙanen sandan zinariya wanda tsawonsa ya dace da launin hasken, sai ilektoron ɗin su dinga kai da komowa tare, kamar ruwa a ƙwaryar da aka jijjiga. Wannan rawa tasu ita ake kira filasmon. Sa'an nan ƙarfin hasken ya taru a bakin sandan, ko a 'yar tazarar da ke tsakanin sanduna biyu, wuri mai ƙanƙanta nesa da abin da gilashi ke iyawa. Maƙeran Rum sun ci moriyar abin ba su san dalilinsa ba: Kofin Lycurgus na ƙarni na 4, da ke gidan tarihi na Landan, kore ne in haske ya faɗa masa ta waje, ja ne in ya ratsa shi, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke cikin gilashinsa.

A 2008 masana a Jami'ar Stanford suka ɗora irin wannan eriya a kan ɗan mitsitsin jamaniyom, ya ƙara jin haske. A 2011 kuma, Naomi Halas da abokan aikinta a Jami'ar Rice suka jera sandunan zinariya a kan silikon. Shi silikon ba ya jin hasken da zangonsa ya wuce kimanin nanomita 1100, alhali wayoyin gilashi na sadarwa da 1310 da 1550 suke aiki. Amma ilektoron da suka ɗau zafi cikin zinariyar sai suka tsallaka cikin silikon, aka sami lantarki.

Lalle ba a rabu da wahala ba. Ƙarfe yakan sha kaso mai yawa na hasken ya mai da shi zafi, kuma ilektoron da ke iya tsallakawa kaɗan ne ƙwarai cikin waɗanda hasken ya tayar.