Koyar da Rarraba Zangon Sadarwar Kwamfuta da Harshen Hausa

Adireshin IPv4 ya ƙunshi bit 32: kashin farko yana nuna zango, na biyu kuma na'ura. Tun 1985 aka daidaita ƙa'idar aron bit daga kashin na'ura domin tsaga zango. A ganinmu, kamata ya yi malami ya fara wa ɗalibin Hardawa da abin da ya sani, wato gari, unguwa da gida. Garin 192.168.1.0/24 yana da adireshi 256. Idan aka ari bit 2, sai ya kasu unguwanni 4, kowace da adireshi 64. Na farko sunan unguwa ne, na ƙarshe na shela, saura gidaje 62. Saboda haka, wajibi ne manhaja ta gabatar da ƙidayar tushe biyu tukuna, in ba haka ba, hadda ɗalibi zai yi, ba fahimta ba.